Kafin a mayar da jami'ar talaka kasuwa: jan hankali ga matasan Mafara, Bakura da Maradun

 

Yau ba maganar kujera ko ta wane ya sauya sheƙa na zo da ita ba. Maganar makaranta ce. Tana da ɗan tsawo, ina roƙon a daure a karanta har ƙarshe.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani dattijo maƙwabcinmu a nan Damaga ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Ya zaro takarda daga cikin leda ya ce in duba masa. Takardar samun gurbin karatu ce ta ɗansa a wata jami'ar gwamnati, yaron da duk unguwa ta shaida ƙoƙarinsa. Na karanta masa, na yi masa barka. Sai ya ce, "To ɗana, kuɗɗin nawa anka ce?" Na haɗa masa kuɗin karɓar gurbi, da na rajista, da na ɗakin kwana, da na gwajin lafiya, da kuɗin mota zuwa da dawowa. Ya yi shiru na wani lokaci. Can ya ce, "Ni fa makarantar gwamnati anka ce mani. To mi ab bambancinta da ta 'yan kasuwa?"

Wallahi na rasa amsar da zan ba Baba. Mutumin nan damina uku ke nan bai taka babbar gonarsa ta daji ba saboda 'yan bindiga. Abin da ya mallaka 'yan awaki ne da ragowar shinkafar rani. Washegari muka yi karo-karo a tsakaninmu matasa, ya sayar da akuya biyu ya cika, yaro ya tafi. Shekarar farko ke nan muka rufe. Saura uku, kuma babu wanda ya san nawa za a ce baɗi.

Da na kai zancen majalisarmu, wani abokin gwagwarmaya, wanda muka sha rana tare wajen yawon kamfe, ya ce da ni, "Shugaba, mu daina yaudarar kanmu. Gwamnati ba za ta iya ɗaukar jami'o'i ba. A sakar musu mara su nemi kuɗinsu, wadda ta kasa a ba 'yan kasuwa. Ka taɓa jin an yi yajin aiki a jami'ar kuɗi?" Mun yi musu har dare ya raba. Ba mutumin banza ba ne, kuma maganarsa ita ce a bakin manya da dama, har da na cikin gidanmu. Shi ya sa na ga ya kamata in amsa masa a nan, a gaban kowa.

Mu fara da fahimtar yadda ake cefanar da jami'a, don hanya biyu ce. Akwai ta fili: a ba mai kuɗi ko wata ƙungiya lasisi su buɗe tasu. Wannan kowa yana gani. Akwai kuma ta ɓoye, wadda ta fi damuna. Allon bakin ƙofa yana nan da sunan gwamnati, gwamna ko minista yana zuwa bikin yaye ɗalibai, amma kuɗin gudanarwa an janye shi a hankali, an ce wa shugaban jami'a ya je ya nemo kuɗin shiga. To ina zai nemo? Ba shi da rijiyar mai, ba shi da masaƙa. Abin da ke gabansa ɗalibi ne da aljihun uban ɗalibi. Har gobe gwamnatin tarayya tana cewa karatu kyauta ne a jami'o'inta, ba a biyan kuɗin koyarwa. A takarda haka ne. Amma an sauya wa kuɗin suna, ya koma na rajista, na ɗakin gwaje-gwaje, na wuta, na intanet, na katin shaida.

Abin ba yau ya fara ba. A watan Afrilun 1978, lokacin mulkin Janar Obasanjo, an yi wa ɗaliban jami'a ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincinsu na yini, wato sule biyar. Ɗalibai suka fita zanga-zangar neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An harbe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. Mu lura da abu guda: a wancan lokaci gwamnati ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka na cin ɗalibi da kwanansa. Yawancin manyan da yau suke gaya mana cewa ilimi ba ya yiwuwa kyauta, a wannan tsarin suka yi karatu, 'ya'yan manoma da makiyaya irin iyayenmu.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Darajar naira ta faɗi, albashin malami ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata, ƙwararru suka watse zuwa Amurka da Ingila da Saudiyya. A shekarun nan ra'ayin Bankin Duniya shi ne ƙasashen Afirka su fi zuba kuɗi a firamare, mai son jami'a ya biya da kansa. A 1990 aka kawo batun bashin dala miliyan 120 daga bankin don jami'o'in tarayya, da sharuɗɗan rage ma'aikata da kwasa-kwasai, malamai da ɗalibai suka tayar da ƙayar baya. A 1993 aka yi dokar da ta buɗe ƙofar kafa jami'o'i masu zaman kansu, a 1999 aka ba ukun farko lasisi: Igbinedion, Babcock da Madonna.

Daga ukun nan, yau sun haura 140, sun fi na tarayya da na jihohi yawa ko da an haɗa su. A Arewa muna da irin su Al-Qalam ta Katsina da aka kafa a 2005, da jami'ar Amurka ta Yola, da Skyline da ta Maryam Abacha a Kano, a nan Zamfara ma an ba Huda ta Gusau lasisi a 2023. Amma duk yawansu, ɗaliban da ke cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na ɗaliban jami'o'in ƙasar nan ba. Yara kusan miliyan 2 ke zana jarrabawar JAMB a shekara, kuma mafi yawansu jami'ar gwamnati suke nema, domin ita ce aljihun iyayensu zai iya tunkara. Ke nan duk abin da ya taɓa kuɗin jami'ar gwamnati, ya taɓa kusan kowane gida.

Ku tuna abin da ya faru a 2023. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, a daidai lokacin kuma jami'o'in tarayya suka riƙa ƙara kuɗi ɗaya bayan ɗaya. A jami'ar Legas, daga wajen naira dubu 19 wasu kwasa-kwasan suka kai dubu 190, sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga aka ɗan rage. A Kano, ƙarin da jami'ar Bayero ta yi ya sa sai da gwamnatin jihar ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar, ta kuma rage rabin kuɗi a manyan makarantunta. A Kaduna tun 2021 aka ɗaga kuɗin jami'ar jihar daga ƙasa da naira dubu 30 zuwa dubu 150, sai a watan Agustan 2023 sabon gwamna ya rage kashi 30 cikin ɗari. Jam'iyyun da ke mulki a Kano da Kaduna a 2023 ba ɗaya ba ne, amma duk sun rage. Wannan ya nuna mana cewa kuɗin makaranta ba ƙaddara ba ce daga sama. Shawara ce ta siyasa, mutane ke zama su yanke ta, kuma ana iya matsa musu su sauya.

A ƙarshen shekarar ne kuma takarda ta fito cewa za a riƙa cire kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shigar da jami'o'in tarayya suka tara, a zuba a asusun gwamnati. Ku duba fa. An ce ka je ka nemi na kanka, ka tatso daga ɗalibai, sannan a dawo a raba da kai kamar wanda aka ba jarin kanti. Sai da aka yi ca a kai kafin a janye umarnin a watan Nuwamba. An janye, amma ya tona mana irin kallon da wasu a ofisoshin kuɗi suke yi wa jami'a.

Yanzu bari in zo kan shugabanci, don nan ne gizo ke saƙa. Jami'a tana da majalisa biyu. Akwai ta manyan malamai, mai kula da abin da za a koyar, da jarrabawa, da wanda ya cancanci digiri. Akwai majalisar gudanarwa, mai riƙe da kuɗi da kwangila da ɗaukar ma'aikata, kuma a jami'o'in tarayya ita ke zaɓen shugaban jami'a tun bayan dokar cin gashin kai ta 2003. Ita ce kuma ke sa hannu a kan ƙarin kuɗi. To su wa ake naɗawa a cikinta daga waje? Mu da ke cikin siyasa mun sani, kada mu yi wa juna ƙarya. Sau da yawa kujerar sakayya ce: wanda ya faɗi zaɓe, wanda ya janye wa wani takara, wanda ya yi hidima da aljihunsa. A watan Yunin 2023 an rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya gaba ɗaya, aka yi kusan shekara guda babu su, kuma a cikin wannan tsakanin ne aka yi ta ƙare-ƙaren kuɗi a wurare da dama. Abin da ake kira cin gashin kai ya koma haka: wajen biyan kuɗin wuta da dizal jami'a tana da 'yanci, wajen naɗa masu iko kuwa sai abin da Abuja ko gidan gwamnati suka ce.

Idan aka auna shugaban jami'a da yawan kuɗin da ya tara, dole halinsa ya sauya. Uganda ta riga mu gwada wannan. A farkon shekarun 1990 jami'ar Makerere, wadda ta yi suna a duk Afirka, ta fara ɗaukar ɗalibai masu biyan kuɗi da kansu, aka bar wa kowace tsangaya wani kaso na abin da ta tara. Kuɗi sun shigo, ɗalibai sun ninka, Bankin Duniya ya yi ta yabo. Daga baya Farfesa Mahmood Mamdani ya fitar da littafi a 2007 a kan abin da ya biyo baya: tsangayoyi suka shiga rububin ƙirƙiro kwasa-kwasan da ke da farin jini a kasuwa, ko da ba fanninsu ba ne, azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka koma koyarwa dare da rana, bincike ya ja baya. Mu ma muna ganin alamunsa a nan: shirye-shiryen ƙarshen mako da na share fage da difloma iri-iri, waɗanda ake buɗewa don kuɗin fom da na rajista, ba tare da an ƙara malami ko aji ba.

A Ingila an fara karɓar fam 1,000 a shekara a 1998, da alƙawarin ɗan taimako ne kawai ɗalibi zai bayar. A 2006 ya koma fam 3,000, a 2012 ya kai fam 9,000. Yau matasansu suna fita da bashi mai nauyi, jami'o'in kuma ba su tsira ba, da yawa suna rufe sassa suna sallamar malamai. Jamus kuwa wasu jihohinta sun gwada karɓar kuɗin, jama'a suka ƙi, zuwa 2014 duk suka soke. Idan kuma ana son ganin ƙarshen hanyar da ake sayar da takarda ga mai kuɗi, a tuna ɗan jaridar Daily Nigerian da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo.

Sai dai in yi wa abokina adalci, akwai gaskiya a bakinsa. A 2020 malaman jami'a sun yi wata tara suna yajin aiki. A 2022 sun yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Na san yaran da suka koma acaba da haƙar zinari a lokacin, wasu ba su koma aji ba har yau, na san 'yan matan da aka aurar karatun ya tsaya nan. Uban da ya sayar da fili ya kai ɗansa jami'ar kuɗi don ya gama a kan lokaci, ba ni da bakin zarginsa. Haka kuma ba a rasa almubazzaranci da son kai a cikin jami'o'in gwamnati, kuma ASUU ba mala'iku ba ne. Ni ba na adawa da mai kuɗi ko ƙungiyar al'umma su gina jami'a, in dai hukumar NUC za ta sa musu ido da gaske. Amma mu tambayi kanmu me ya jawo yajin aikin. Gwamnati ce ta sa hannu a kan yarjejeniya da malamai a 2009, aka shekara goma sha ana kai ruwa rana a kan cika ta. Wanda ya ƙi ba doki dusa, bai kamata ya zo yana cewa dokin ya rame a kai shi kasuwa ba. Kuma mun ga yadda aka cefanar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a Nuwamban 2013 da irin wannan hujja. Kowa ya dubi ƙwan fitilar ɗakinsa ya ba kansa amsa.

Za a ce ai ga bashin karatu na NELFUND. Gaskiya ne, kuma ina kira ga duk ɗalibinmu da ke makarantar gwamnati ya nema, kada a zauna ana jita-jita. An sa hannu a dokar a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba ɗalibi naira dubu 20 a wata, babu kuɗin ruwa, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Ya share wa gidaje da yawa hawaye. Amma bashi sunansa bashi. Kuma yana da wata illa da ba a cika faɗa ba: da zarar an ce akwai mai biya, hukumar makaranta ba ta jin nauyin ƙara kuɗi, tunda za ta ce yaro ya je ya ranta. A hankali nauyin da ke kan kasafin kuɗin gwamnati sai ya sauka a wuyan yaro ɗan shekara 18 wanda ba shi da tabbacin aiki. Ga shi sai wanda ya riga ya samu gurbi ke nema, alhali kuɗin fom da na mota da na karɓar gurbi tun kafin nan suke tare ɗan talaka.

Mu kuma sa ido a kan TETFund. Asusun nan ya samo asali ne daga gwagwarmayar malaman jami'a, aka kafa harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, ya kai kashi 3 a 2023. Duk wanda ya zagaya manyan makarantun gwamnati a Arewa ya san cewa yawancin sababbin gine-gine tambarinsa ke jikinsu. A ƙudurorin haraji na 2024 an so a riƙa rage kasonsa har ya ƙare a 2030, kuɗin su koma asusun bashin ɗalibai. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin majalisa ta bar shi. Masu jami'o'in kuɗi su ma sun daɗe suna neman a riƙa ba su kaso daga ciki. Wanda ya so abu sau ɗaya zai sake dawowa.

Yanzu mu dawo gida. A Talata Mafara muna da jami'ar jihar Zamfara da aka kafa a 2018, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau, inda ni kaina na yi difloma. Mahaifina da kuɗin shinkafar Bakolori ya biya mini, kuma da a ce makarantar kuɗi ce da ban taka ƙofarta ba. A Bakura muna da kwalejin aikin gona, a Maru ta horar da malamai, a Gusau jami'ar tarayya tun 2013. Ku tuna shekarar 2021. A Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, ƙasar Mafara. A Agusta aka shiga kwalejin Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai sama da 70 a Kaya, nan ƙasarmu ta Maradun, aka rufe makarantun jiha. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko jarinsa ya kawo irin wannan wuri? Jari inda kwanciyar hankali da masu kuɗi suke yake bi, shi ya sa jami'o'in kuɗi suka taru a Abuja da Kano da Kudu maso Yamma. Idan aka bar kasuwa ta yi halinta, yankinmu ba ya cikin lissafi.

Sannan akwai aikin da jami'a ke yi wanda ba ya kawo riba a aljihu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum masu haƙar zinari. Wa zai zauna ya yi shekaru yana auna ƙasa da ruwan rijiyoyin nan? Wa zai yi bincike a kan irin shinkafar da ta dace da fadamun Bakolori, da cututtukan dabbobi, da asalin rikicin manoma da makiyaya? Wa zai horar da malamin lissafi da zai yarda ya zauna a Damaga ko Faru? Sashen aikin gona da na koyarwa ba su da farin jini wajen masu biyan kuɗi, don haka su ne farkon waɗanda za a yi wa kallon asara. Iyayenmu sun ga abin da ya faru lokacin da aka gina madatsar Bakolori, ruwa ya ci gonaki da gidaje, da manoma suka tashi neman diyya a 1980 aka amsa musu da bindiga. Darasin shi ne, babban aikin da aka tsara ba da mutanen wuri ba, su ke biyan kuɗinsa daga baya.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, ƙananan hukumomin nan namu uku kowace ta fitar da gwamna: Bakura daga 1999 zuwa 2007, Mafara daga 2011 zuwa 2019, Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan. Ba mu da wanda za mu nuna wa yatsa mu ce shi ya hana mu. Gwamnatoci daban-daban sun ɗauki yaranmu sun kai jami'o'in kuɗi a ciki da wajen ƙasa, kuma duk mun ji yadda waɗanda aka kai Arewacin Saifurus suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi saboda bashin kuɗin makaranta. Ita jami'ar kuɗi ba ta san sabo ba, ranar da kuɗi suka tsaya, ranar take rufe ƙofa. Kuɗin da ake kashe wa ɗalibi ɗaya a waje zai ɗauki nauyin da dama a Mafara. An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan a Nuwamban 2023. Madalla. Muna so ta kai ga manyan makarantu, kuma ta wuce fenti da katanga.

Don haka ga abin da nake ba da shawara mu sa a gaban duk mai neman ƙuri'armu, na gidanmu kafin na waje.

Na farko, ya yi alƙawari a rubuce cewa ba za a sayar ko a jinginar da wata babbar makarantar jiha, ko filinta, ga ɗan kasuwa ba. Idan za a yi haɗin gwiwa wajen gina ɗakin kwana, a buga yarjejeniyar kowa ya gani, a kuma ƙayyade kuɗin gado.

Na biyu, majalisar dokokin jiha ta yi doka da za ta ware wa manyan makarantu wani kaso tsayayye, a riƙa sakinsa wata-wata, ba sai shugaban makaranta ya yi ta zarya a gidan gwamnati ba.

Na uku, kada a ƙara ko sisi sai an zauna da wakilan ɗalibai da iyaye da malamai, an ba da sanarwar shekara guda, kuma ƙarin kada ya hau kan wanda ya riga ya fara karatu.

Na huɗu, kujerar majalisar gudanarwa ta daina zama ladan kamfe. A sa masana, a sa mace, a sa wakilin tsofaffin ɗalibai da na garin da makarantar take. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mu ne muke kai sunaye. Ni na yi alƙawari ba zan kai sunan kowa don ya yi mana hidimar siyasa kawai ba.

Na biyar, kowace makaranta ta riƙa manna lissafinta duk shekara: nawa gwamnati ta bayar, nawa aka karɓa daga ɗalibai, ina suka tafi.

Na shida, a yafe kuɗin makaranta ga marayun da 'yan bindiga suka kashe wa iyaye da 'ya'yan waɗanda aka raba da garuruwansu, a kuma riƙa biyan tallafin karatu na jiha kafin a rufe rajista, ba bayan yaro ya rasa zango ba.

Mu kuma namu aikin, kowane shugaban matasa na mazaɓa ya ɗauki littafi ya rubuta yaran da suka samu gurbi bana, da waɗanda suka kasa tafiya saboda kuɗi, da waɗanda suka dawo gida. Mu haɗa na Mafara da Bakura da Maradun wuri guda. Masu wayar hannu da ilimin kwamfuta su ware rana su taimaka wa ɗalibai cike neman bashin karatu kyauta. Idan ɗan takara ya zo da buhun shinkafa da atamfa, mu karɓe shi da mutunci, mu buɗe masa littafin nan, mu tambaye shi wanne daga cikin shidan nan zai sa wa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu ya kamata mu fara.

Shi kuwa Baba maƙwabcina, jiya ma mun haɗu a masallaci. Ya ce yaron ya bugo waya, karatu na tafiya lafiya. Sai ya ƙara da cewa akuya ɗaya ta rage, tana da ciki, yana roƙon Allah ta haifi biyu kafin baɗi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, Ya mayar da manomanmu gonakinsu, Ya yi wa karatun yaranmu albarka. Wassalamu alaikum.

Daga Damaga, ƙaramar hukumar Maradun.